Kafin a yanka hannu, a bi jijiya har hammata

Idan ka ce wa mutumin Gombe an tura shi sikanin, mai ciki ce za ta fara zuwa masa a rai. Bai yi laifi ba. A ɗakin da nake aiki, daga safe zuwa azahar mata ne a layi, wannan tana son ta ji kwanciyar yaro, waccan watan haihuwa, wata kuma ta yi ƙasa da murya ta tambaya ko mace ce ko namiji. Shi ya sa duk ranar da aka turo magidanci da takarda a hannu sai ka ga ya raɓe can ƙarshen benci, yana tsammanin an ɓatar da shi ne. Hannunsa aka ce a duba. Ni ba likita ba ne, ma'aikacin ɗakin hoto ne, ko da yake kowa likita yake ce mini, kuma a duk ayyukan da nake yi da wannan na'ura babu wanda nake janyo kujera in zauna masa a tsanake kamar na hannu.

Yawancin waɗanda ake turo mini duban hannu masu ciwon ƙoda ne. Na'urar wankin ƙoda tana jan jini wajen mililita 300 a kowane minti, na tsawon awa huɗu, kuma a ƙa'ida sau uku a mako. Jijiyar da ake sa wa ƙarin ruwa ba ta iya ba da wannan, da an ja sai ta lotse. Saboda haka da farko roba ake zura wa mutum a babbar jijiyar wuya ko ta matsematsi. Robar tana ceton rai, amma idan ta daɗe ƙwayoyin cuta na bi ta cikinta, ka ga mutum na karkarwa da zazzaɓi ana tsakiyar wanki. Dabarar da ta fi ɗorewa ita ce wadda wasu likitoci a Amurka, Brescia da Cimino da abokan aikinsu, suka bayyana a 1966. Jijiyoyin jini iri biyu ne: masu bugawa, waɗanda ke kawo jini daga zuciya da ƙarfi, da masu mayarwa, waɗanda ke komar da shi a hankali, su ne kake gani sun yi ruɗu-ruɗu a bayan hannun manomi. Likitan tiyata zai ɗinke mai bugawa da mai mayarwa a wuyan hannu ko a gwiwar hannu. Jini mai ƙarfi ya riƙa kwarara cikin mai mayarwar, ta buɗe, ta yi kauri, bayan wasu makonni ta zama wadda za a iya soka wa manyan allurai biyu a kowane zuwa. Likitoci na kiran wannan haɗin jijiya fistula, amma ba ruwansa da yoyon fitsari.

Aikina shi ne in faɗa wa mai wuƙa abin da zai tarar kafin ya yanka.

A zanen da aka koya mana a makaranta, babbar jijiya mai bugawa guda ɗaya ce take fitowa ta ƙarƙashin ƙashin wuya, ta ratsa hammata, ta gangaro ta cikin damtse. Sai ta ɗan wuce lanƙwasar gwiwar hannu, da kamar faɗin yatsa ɗaya, sannan ta rabu biyu. Ɗaya ta bi gefen babban yatsa, ita ce nas ke dannawa idan tana ƙirga bugun zuciya. Ɗayar ta nutse ƙarƙashin tsoka ta bi gefen ƙaramin yatsa. A tafin hannu su sake haɗuwa, ta yadda idan ɗaya ta toshe ɗayar za ta ciyar da yatsu. Zanen gaskiya ne, amma hoton mafi rinjaye ne kawai. A 1953 McCormack da abokan aikinsa a Amurka suka feɗe hannuwan gawarwaki 750, suka tarar kusan 18 cikin 100 ba su bi zanen ba. Bambancin da ya fi yawa, wajen 14 cikin 100, shi ne jijiyar gefen babban yatsa ta ɓalle tun daga sama, a damtse ko ma a cikin hammata. Wani binciken da aka buga a Turai a 2001, a kan hannuwa 384, ya sami kusan adadin nan. Wato a hannu bakwai, ɗaya. Duba sahun sallar azahar a masallacin unguwarku ka yi lissafi da kanka.

Dalilin yana can tun a ciki. Kafin ɗan tayi ya cika wata biyu, hannunsa ɗan tsiro ne cike da ƙananan hanyoyin jini masu sarƙe da juna. Yayin da hannun ke tsawo, wasu hanyoyin su girma, wasu su shanye su ɓace. Wadda ta rage a wurin wannan, a wurin wancan ita ce ta ɓace. Ko a jikin mutum ɗaya dama da hagu ba dole su yi daidai ba, shi ya sa duba hannu ɗaya ba ya wadatar da ɗayan.

Akwai wani dattijo da ɗansa ya kawo daga wajen Kumo, ciwon suga da hawan jini sun cinye masa ƙoda. An riga an yi masa wanki ta robar wuya, ana son a yi masa haɗi a hannun hagu, tunda da dama yake ci yake sha. Na ce, “Baba, a miƙo hannun, a kwantar da shi nan, man yana da ɗan sanyi.” Na fara daga wuyan hannu kamar kullum. Jijiyar gefen babban yatsa ba ta kai milimita 2 ba, bangonta kuma ya yi fari fat a allo, alamar ƙasa-ƙasan alli da ciwon suga ke tarawa a jijiya har ta ƙi buɗewa. Wuyan hannu ya fita daga lissafi ke nan, sai gwiwa. Da na hau gwiwar, inda ya kamata in ga zagaye ɗaya yana bugawa, sai ga biyu, ɗaya a sama kusa da fata, ɗaya a ƙasa. Na bi su a hankali, ban ɗaga kan na'urar daga fata ba, tsakiyar damtse biyu ne, sama da nan biyu ne, sai dab da hammata suka koma ɗaya.

Dattijon ya gaji da shirun da na yi. Ya ce, “Ɗan nan, wani ciwon ka gano kuma?”

Na ce, “A'a Baba, halitta ce, haka Allah Ya yi hannun.”

Ya ce, “To in halitta ce, kallon me kake ta yi?”

Tambayar tana kan hanya. Mutum zai shekara saba'in da irin wannan hannu, ya yi noma, ya yi ɗaukar kaya, bai taɓa sanin komai ba, don ba ta rage masa ƙarfi ko kaɗan. Ɗansa ya tambaya ko ita ce ta jawo ciwon ƙodar, na ce babu haɗi. Ranar da za ta yi magana ita ce ranar da aka zo da wuƙa ko allura. Likitan da bai ga hoto ba zai lalubi gwiwar hannu da yatsa, ya ji bugu, ya yanka, ya tarar da jijiya mai bugawa daidai inda littafi ya ce za a same ta. A hannun dattijon nan, wadda yatsa zai fara samu ita ce ta saman, siririyar, wadda ba uwar ba ce, reshe ne. Kamar mai aikin famfo ne da aka ce ya ja wa gida ruwa daga babban bututun da ya taho daga madatsar ruwan Dadin Kowa, ya tona ya ci karo da ƙaramin bututun da ya ratse zuwa lungu, ya haɗa a nan. Ruwa zai zo, amma ba zai cika tanki ba. Haɗin da aka ɗora a kan siririn reshe ya fi saurin ƙin nuna, a jira wata biyu, wata uku, jijiyar ba ta buɗe ba, a koma tiyata a wani wurin, robar wuya kuma tana nan tana jiran ta kawo zazzaɓi. Na auna duka biyun, na zana hanyarsu da maka a fatarsa, na rubuta cewa ta ƙasan ta fi faɗi. Zaɓin wadda za a ɗinka na likitan tiyata ne, ba nawa ba, amma ya shiga da idonsa a buɗe.

Ba ƙaramin abu ba ne haɗi ya lalace a wurin mutanenmu. Gwamnatin tarayya ta sanar a 2025 cewa ta rage kuɗin wanki zuwa naira 12,000 a wasu asibitocinta, an gode, amma kuɗin tiyata da magani da gwaji da motar zuwa daga Dukku ko Nafada suna nan a wuyan dangi. Na ga waɗanda suka sayar da shanu, na ga waɗanda suka jinginar da gona. Ga shi wuraren da za a iya yin haɗin a jikin mutum ƙidayayyu ne, duk wanda ya lalace ya tafi ke nan.

Yadda ake duban ba wani sihiri ba ne. Ba kan na'urar da ake duba ciki da shi ake amfani ba, wani ne mai miƙaƙƙen baki, wanda ba ya nisa amma yana nuna abin da ke kusa da fata dalla-dalla. A allo jijiya baƙin zagaye ce. Ka ɗan danna: mai mayarwa za ta rufe ruf, mai bugawa za ta tsaya tana harbawa. Sannan a kunna launi. Wannan ya samo asali ne daga abin da masanin kimiyya Christian Doppler ya bayyana a 1842, cewa kaifin sauti yana canzawa idan abin da ya fito daga gare shi yana matsowa ko yana nisa. Ɗalibai da yawa suna zuwa da tunanin ja mai bugawa ce, shuɗi mai mayarwa. Ba haka ba ne. Ja na nufin jinin yana tahowa wajen kan na'urar, shuɗi yana barinsa, ka karkata hannunka launukan su juye. Ma'aunin da aka fi bi shi ne mai bugawa ta kai milimita 2, mai mayarwa ta kai 2.5 bayan an ɗaure damtse. A nan rabin milimita na iya raba a yi da kar a yi, don haka ƙananan abubuwa suna da nauyi. Da hunturu, mutumin da ya taho kan babur tun asuba jijiyoyinsa a tsuke suke, idan ka auna nan take za ka rubuta masa ƙarya. Ina kashe na'urar sanyaya ɗaki, in sa a lulluɓe hannun ko a riƙa masa gorar ruwan ɗumi, sai ya warware tukuna. Masu layi a waje suna ƙorafi, na saba.

Sai gwajin tafin hannu, wanda ake dangantawa da likita Edgar Allen tun 1929. Mutum ya dunƙule hannu, ka danne jijiyoyi masu bugawa biyu na wuyan hannu, ya buɗe, tafin ya yi fari, ka saki ta gefen ƙaramin yatsa, ka ga ko ja zai dawo cikin 'yan daƙiƙu. Idan ya dawo, ko an karkatar da jinin ɗayar yatsu ba za su rasa ba. Wanda ya tsara gwajin bai yi lissafi da lalle ba. Hajiya ta zo da tafi jawur ko baƙi ƙirin bayan biki, wane fari za ka gani? A irin wannan sai in ɗora kan na'urar a tafin in saurari jinin da kunnena, ko a maƙala mata abin auna iskar jini a babban yatsa a ga ko bugun zai dawo.

Bambancin da ya fi tayar mini da hankali ba na masu ƙoda ba ne, na kowa ne. A wasu mutane, kimanin 2 zuwa 4 cikin 100 a binciken da na ambata, jijiya mai bugawa ta gefen ƙaramin yatsa ba ta nutsewa ƙarƙashin tsoka. Tana bi ta sama, dab da fata, a daidai wurin da ake neman jijiyar ɗibar jini ko ta allura. Ido yana ganinta, ta yi kyau, ta miƙe, irin wadda mai allura ke murna da ita. Idan kuma an ɗaure damtse da safar hannu tamau, bugun na iya raguwa har yatsa ya kasa ji. Akwai magungunan da jijiya mai mayarwa ke ɗauka ta kai su babban jini su narke, amma idan suka shiga mai bugawa kai tsaye suke wucewa ƙananan hanyoyin yatsu, su ƙona su, su toshe. Maganin amai da ake kira furometazin yana cikinsu, har hukumar magunguna ta Amurka ta sa masa gargaɗi mafi tsanani a 2009 saboda ruɓewar nama. Haka diyazefam, maganin kwantar da hankali, haka wasu magungunan sa barci na tiyata. Ƙarshen abin a wasu lokuta yanke yatsu ne, ko hannu.

Mu kuwa mutane ne masu son allura. Zazzaɓi kaɗan, a tafi kemis, a ce a yi ta jijiya don ta fi saurin aiki. Ba na cewa kowane kemis ya sayi na'urar sikanin, wannan zancen banza ne. Abin da nake roƙo bai wuce daƙiƙa biyar ba: kafin a ɗaure hannu, a ɗora yatsa a kan jijiyar, idan tana bugawa a bar ta. Idan an soka aka ga jini ja wur yana turo sirinji da kansa, ko yana hawa robar ƙarin ruwa yana harbawa, ko mutum ya yi ihu cewa wuta na gangara masa zuwa yatsu, ko yatsun suka yi fari, a tsaya nan take. Kada a ce masa raki ne, kada a ce ya je gida ya gasa da ruwan zafi. Babban asibiti za a nufa a lokacin, domin awannin farko su ne ake iya ceton hannun.

Likitocin zuciya su ma sun dawo hannu. Da ta matsematsi ake zura siririyar roba har zuwa jijiyoyin zuciya, sai Lucien Campeau a Kanada ya nuna a 1989 cewa ana iya bi ta wuyan hannu, Ferdinand Kiemeneij a Holan kuma ya fara buɗe toshewar jijiyar zuciya ta wannan hanya a farkon shekarun 1990. Jini bai cika ɓallewa ba, majiyyaci kuma yana tashi ya zauna da wuri. Su abin da ke ba su wahala shi ne jijiyar da ta naɗe ta yi zobe kusa da gwiwar hannu, kusan mutum 2 cikin 100, inda waya ke zuwa ta tokare, da kuma siririn reshen nan mai ɓallewa daga sama, wanda ke shaƙe roba ya matse ta. Mutanenmu da ke zuwa wannan aiki a Abuja ko Masar ko Indiya ba kasafai suke biyowa ta ɗakina ba, don haka ba zan ja zancen ba. Akwai kuma abin da na'urata ba ta kaiwa: a wasu mutane ƙalilan jijiyar hannun dama tana tasowa ne ta bayan maƙoshi a cikin ƙirji, ƙashi da iskar huhu sun tare, sai babban hoto na siti sikan.

Wata kuma da nake jin daɗin cin karo da ita don sha'awa kawai: jijiya ta uku a tsakiyar sangalin hannu. Ita ce ke ciyar da hannun ɗan tayi da farko, ta ɓace wajen mako na takwas idan biyun nan sun kafu, amma a wasu ba ta ɓacewa. Masu bincike a Ostireliya sun ruwaito a 2020 cewa tana ƙaruwa a cikin mutane, daga kusan 10 cikin 100 a waɗanda aka haifa a shekarun 1880 zuwa kusan 30 cikin 100 a na ƙarshen ƙarni na 20. Tana bi ta matsattsiyar hanyar wuyan hannu tare da jijiyar ji, don haka likitan da zai yi tiyata a wurin yana son ya san da ita.

Duk alƙaluman nan daga gawarwaki da majiyyatan wasu ƙasashe aka tattara su. Mu da muke yi wa mamaci sutura mu kai shi makwancinsa kafin rana ta faɗi, ba ta hanyar fiɗa za mu ƙirga namu ba, kuma ba ma buƙata. Na'urar tana nuna abin a jikin mai rai, ba zafi, ba jini, ba hasken da ke cutarwa. Ga asibitin koyarwa na tarayya a nan Gombe, ga na Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, ga ɗalibai masu neman abin rubutun kammala karatu. Da ni ne mai raba musu batutuwa, da na sa wani ya bi hannuwan mutanenmu ɗaya bayan ɗaya ya rubuta inda kowace jijiya ta rabu.

Abin da ke ɓata mini rai a aikin nan biyu ne. Na farko, sakamakon da ake kawo mini daga wasu wuraren, layi ɗaya tal: jijiyoyi lafiya lau. An ɗora kan na'ura a wuyan hannu, an ɗora a gwiwa, an ga launi, an sallami mutum. Wanda ya duba wuri biyu kawai ba zai taɓa gane jijiya ta rabu a sama ba, sai wanda ya bi ta tiryan-tiryan daga wuyan hannu har hammata, kuma bin nan bai fi 'yan mintuna ba. Na biyu, hannun da ya iso mini an riga an gama da shi. Mai ciwon ƙoda kafin ya kai ga wanki ya kwanta a asibitoci da dama, kowane ya sa masa kanula, robar ƙarin ruwa, a mafi kyawun jijiyar da ya gani, wato mai mayarwa ta gefen babban yatsa, wadda ita ce likitan tiyata zai nema gobe. In duba in tarar ta zama igiya, ba ta matsuwa, babu jini a ciki. Duk wanda aka ce masa ƙodarsa ta fara rauni, shi da mai jinyarsa su riƙa buɗe baki da ladabi: “Sista, don Allah a sa a bayan hannu, kuma a bar mana hagun nan.” Bayan an yi haɗin kuma, wannan hannun ba a auna hawan jini a kansa, ba a ɗibar jini, ba agogo mai matsewa, ba a yin matashi da shi, ba ɗaukar jarka. Kowace safiya ya ɗora yatsa a wurin ya ji yana zirrr. Ranar da ya ji shiru, ranar zai zo, ba gobe ba.

Wajen mako shida bayan tiyata suna dawowa wurina a ga ko haɗin ya nuna. Muna da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa, duk shida ce: faɗin jijiyar ya kai milimita 6, zurfinta daga fata kada ya wuce milimita 6, jinin da ke wucewa ya kai mililita 600 a minti. Yawan jinin a babbar jijiyar damtse ake auna shi, kuma a nan ma mai rabuwar sama yana iya ruɗa ma'auni. Idan ka auna reshe ɗaya kana zaton uwar ce, lambar za ta fito ƙasa, a ce haɗin bai yi ba alhali ya yi. Sai an hau sama da inda suka rabu, ko da a cikin hammata ne, ko a auna biyun a tara. Saboda haka a takardar sakamako nake zana hannun da biro, in nuna inda jijiyar ta rabu da faɗin kowace, sannan in ce wa ɗan majiyyacin ya ɗauki hoton takardar a wayarsa. Fayil yana ɓata, kuma wanda zai duba hannun nan gaba a Kano ko Maiduguri ba ni ba ne.